Yadda Za Ka Ƙara Makaɗa a Faifanka Ba Tare da An Danne Gurminka Ba

Kai da ka saba waƙa daga kai sai gurminka, in za ka haɗa faifai da makaɗa da yawa, fara ɗaukar muryarka da gurmin kawai. A kansu kowa zai hau.

Sai mai ƙwarya ya biyo. A ɗakin ɗaukar sautin da nake aiki nan Yamai, bargo nake ninkawa in kifa ƙwaryar a kai, kada ta riƙa zamewa. Kalangu kuwa a bar masa gurbin da ka yi shiru, nan yake maganarsa. In ya faɗo tsakiyar baiti, cinye maka kalmomi zai yi.

Rigimar tana wajen jita da piyano. Ɗaurin gurmi ba ya bin ma'aunin Turawa daidai, don haka mai jita ne zai ɗaure tsirkiyarsa ta dace da taka. Piyano ba ya lanƙwasuwa, ni dai yawanci cire shi nake yi.

'Yan amshi biyu sun isa. In makaɗa kake nema, leƙa cibiyar Taya, wato cibiyar koyar da kiɗa da ke nan Yamai. Kafin ka saki faifan, saurare shi a ƙaramar salula, don da ita yawancin mutane za su ji.