Yadda zaka gane agogon da aka tsufar da shi da gangan

Jama'a masu son tsohon agogo, musamman ku da kuke zagayawa kasuwar Terminus nan Jos kuna duba kayan gwanjo, don Allah ku rika lura, yanzu akwai masu daukar fuskar agogo sabuwa su jika ta da ruwan shayi ko kofi, wasu ma har gasawa suke a oven don ta yi ruwan kasa kamar ta shekara 50 a rana, zoben da ke kewaye da fuskar Submariner (wani samfurin agogon Rolex) kuma bilic suke sa masa ya kode.

Farko dai ka sayi karamar tocilan ta UV, irin mai hasken da ake duba jabun kudi da shi. Ka duba kasan lamba 6, in ka ga an rubuta T SWISS T ko SWISS T<25 to da tritium aka hada sinadarin da ke haske a duhu, kuma karfin tritium rabewa biyu yake duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, shi ya sa na tsohon agogo baya rike haske, Rolex ma sun daina amfani da shi wajen 1998. Haska masa tocilan sannan ka kashe. Na asali zai dushe nan take, in ko ya ci gaba da walwali kore shar kamar sabo, wallahi an sake shafa masa sabon sinadari.

Sai ka sa gilashin mai gyaran agogo a ido. Tsufan gaske baya zuwa daidai wa daida, wani digon lamba yafi wani duhu, amma kalar hannayen agogon da ta digon lambobin ya kamata su yi kusa da juna.

Ni bana kin agogon da aka canja wa kaya, matukar mai sayarwa ya fada min gaskiya kuma kudin ya sauka. Kafin ka biya kace a bude bayan agogon ka ga injin da lambarsa.