Ƙwan fitilar babur: kurakuran da muka fi yi wajen canji

Da kakar bara ƙwai uku na ƙona cikin wata guda. Na ukun ya mutu ne ranar wata Juma'a bayan Magariba, ina dawowa daga kasuwar Wudil da buhun masara a baya. Sauran tafiyar da tocilar waya na ƙarasa, na riƙe ta a baki kamar kare ya samu ƙashi. Washegari na nufi mai shagon da na saya da niyyar rigima, don a ganina jabu yake sayar min. Wani dattijo mai riwaya da ke zaune a bencin shagon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, tada babur ɗin, ka murɗa totur." Ya ɗora mitar auna wuta a kan wayar fitila. Ina murɗawa lambar na hawa, har ta haura bolt 17. Ya ce: "Ko ƙwan Makka ka sa, wannan wutar sai ta cinye shi."

Babban kuskuren ke nan, kuma kusan kowa ya taɓa yin sa: ƙwai ya mutu, a sayi wani a ɗaura, ba a tambayi abin da ya kashe na farkon ba. Yawancin baburan da muke hawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, irin su Boxer da Jincheng da 'yan roba-roba, fitilarsu ba daga batir take shan wuta kai tsaye ba, daga kwayil ɗin cikin injin, wato naɗin wayar da ke samar da wuta, take sha. Shi ya sa ba ta kamawa sai injin ya tashi, kuma haskenta kan ɗan ƙaru idan ka ja totur. Akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙarƙari da makanikai ke kira raktifaya, shi ke tare wutar kada ta wuce kima. Ƙwai na bolt 12 ne, yana jure 13 zuwa 14 da 'yan kai. Idan raktifaya ta lalace, babu mai tsawata wa wutar, kana taka gudu a kan kwalta sai ka ga fitila ta yi fari fat, sannan ɗif. Alamar a fili take: ƙwai na mutuwa lokacin da kake gudu, wani sa'in tare da ƙwan baya ko na cikin mitar gudu, gilashin ƙwan kuma ya yi baƙi ko toka-toka daga ciki. Idan ka ga haka kada ka ƙara sayen ƙwai sai an auna. Kuma masu cire batir gaba ɗaya su ajiye, wai ai da kik suke tashi, su sani a wasu baburan hakan na ƙara sa wutar ta yi tsalle.

Idan kuwa ka ɗaga mataccen ƙwan ga rana ka ga gilashin garau, zaren ciki ne kawai ya tsinke, to ko tsufa ne ko girgiza. Hanyar burji mai gargada tana karya zare, musamman idan kan fitilar na kaɗawa saboda notin gefe ya kwance. Ɗaure shi, shi ke nan. Wani lokacin ma zaren lafiyarsa lau, tsatsa ce ta ci bakin soket ko wayar da ke komawa jikin ƙarfen babur ta saki. Ɗan gogawa da samfefa ya isa, kuɗinka na aljihunka.

Sai maganar wat, wato yawan wutar da ƙwai ke sha, wadda nan ne samari suka fi taurin kai. A gindin kowane ƙwai akwai rubutu. Na irin baburanmu galibi za ka ga 12V 35/35W, wato bolt 12, wat 35 a dim, 35 a ful. Yaro zai je ya samo na mota mai 60/55, har da mai 100/90, a sassaƙe soket a cusa shi, wai yana son haske irin na tirela. Lissafin ba wuya: ƙwai mai wat 35 amfiya 3 yake ja, mai wat 60 kuwa 5. Kwayil ɗin ƙaramin babur ba a yi shi don wannan nauyin ba, saboda haka sau da yawa hasken da ake nema ma ba ya zuwa, sai wani ja-ja kamar na aci-balbal idan injin na aiki ba a ja totur ba. Inda wutar ta isa kuma, zafi ne zai narkar da robar soket, ya ƙona azurfar kwanon fitila ta dusashe, maɓallin dim da ful da ke hannu ya fara ƙauri. Daga nan ko ka dawo kan ƙwan asali hasken ba zai koma yadda yake ba, don madubin da ke tura shi gaba ya riga ya mutu. Ni dai shawarata, ka tafi shago da tsohon ƙwanka a aljihu, ka ce irinsa sak, gindi da lamba. Gindin ma kala-kala ne: akwai mai kunne biyu da ake turawa a murɗa, akwai mai faranti zagaye da 'yar tsaga, akwai mai ƙafa uku.

Ƙwan LED da ya cika kasuwa yanzu ba laifi ba ne, yana shan wuta kaɗan. Amma da yawansu wutar batir suke so, ba wutar kwayil mai kai da komowa ba. Ka sa irin wannan a babur ɗin da fitilarsa ke kan kwayil, sai ya riƙa ƙyaftawa ko ya mutu cikin 'yan kwanaki. Ko dai ka sayi wanda aka rubuta AC/DC a kwalinsa, ko mai riwaya ya mayar maka da layin kan batir ta hanyar makulli, da fis a tsakani, wato ɗan abin da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. Na ce fis, ban ce takardar sigari ko guntun waya da ake naɗawa a gurbinsa ba. Masu yin haka wata rana wayarin ɗin gaba ɗaya zai zama fis ɗin.

Wajen ɗaurawa kuma akwai kuskuren da ba ya nuna kansa a ranar. Idan ƙwan halojin ne, wato mai siririn gilashi dogo, kada yatsa ya taɓa gilashin. Zafinsa idan yana ci ya haura digiri 250, maiƙon hannu kuma yana sa wuri guda ya fi sauran zafi, gilashin ya kumbura ko ya tsage bayan mako biyu ko uku, ka ce mai shago ya cuce ka. Balle hannun da ya taɓa baƙin mai, ko wanda aka gama cin ƙosai da shi. Riƙe shi ta gindi, ko da takardar da ya zo a ciki. In ka riga ka taɓa, ka goge da sifirit na kemis da ƙyalle mai tsabta, ka bari ya bushe. Kuma ka kashe injin ka ba tsohon ƙwan minti biyar ya huce kafin ka kai hannu.

Kada a danna da ƙarfi. Mai kunne biyun nan, kunne ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ta hanya guda kaɗai yake shiga. Idan aka tilasta shi ya zauna a juye, dim zai koma haska rassan bishiya, ƙasa kuma duhu. Haka mai farantin, tsagarsa na da gurbinta. Robar da ke rufe bayan fitila kuwa, wadda ake yawan jefarwa don ta yi wuyar komawa, ita ke hana ruwan damina da ƙurar hunturu shiga. Babu ita, kwanon zai yi gumi daga ciki, soket ya yi kore. Ka gwada dim da ful da injin a tashe tun kafin ka mayar da sukurori, kada ka rufe komai sannan ka gano waya ɗaya ta zame.

Abin da kusan babu mai yi shi ne saita hasken bayan canji. Da daddare ka tsayar da babur a shimfiɗaɗɗen wuri, kamar taku bakwai daga katangar gida, ka zauna a kai. Ka sa ƙanenka ya auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa da kara, ya je ya zana layi da gawayi a jikin katangar daidai wannan tsayin. Kunna dim. Saman hasken ya kamata ya tsaya ƙasa da layin da kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. In ya haura, sassauta notin gefe ko sukurin saiti da ke ƙarƙashin fitila ka sunkuyar da ita. Wanda ke ɗaukar kaya, irin masu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko Gujungu ranar Lahadi su dawo da buhu biyu da mutum a baya, ya tuna bayan babur na nutsewa, gaba ya ɗaga, hasken ya tafi idon mai tahowa. A hanyoyinmu kuwa abin da kake buƙatar gani a ƙasa yake: rami, yashi, amalanken shanu da ba ta da ko ɗigon fitila a baya, tunkiyar da ta kwanta a kan kwalta don ɗumi. Irin wannan mutumin gara ya yi saitinsa da kayan a kai.

Ni tun da aka canza min raktifaya ƙwan da ke kai bai sake mutuwa ba. Duk da haka akwai guda a cikin kwalinsa, na naɗe da tsohuwar safa na tura a akwatin gefe tare da sukundireba, kusa da batir.