Yadda Ake Gano Damuwar Kyanwa, Kare da Kifi Kafin a Ce Sun Lalace

Duk wanda ya ajiye dabba a cikin gida, wata rana zai tarar da abin da zai ɓata masa rai: kyanwa ta yi fitsari a kan katifa, ko kare ya yi kaca-kaca da takalmi, ko kifi ya taso saman ruwa yana buɗe baki kamar mai haki. Abin da ke fara zuwa a ran mutum shi ne dabbar ta lalace ko da gayya take yi. Ruwa dai ba ya tsami banza. Sauyin hali a jikin dabba yakan samo asali ne daga ciwo, ko daga wata buƙata ta halittarta da ba a biya mata ba, don haka tsarin da ya dace shi ne a fara tabbatar da lafiyarta, sannan a duba wurin zamanta, horo kuwa ya zo daga ƙarshe.

Kyanwa

Kyanwa ta fi sauran iya ɓoye ciwo, kuma wurin bayan gidanta ne ya fi saurin tona asirinta. Idan aka ga muzuru yana shiga kaskon yashin da aka tanada masa don bayan gida yana fita, ya tsuguna ya yi ta yunƙuri ba abin da ke fita sai ɗigo biyu ko uku, ya koma gefe yana lasar gabansa yana kuka, kada a ɗauka taurin bayan gida ne ke damunsa. Mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe, abin da ya fi samun maza saboda ƙuncin hanyar tasu, kuma yana iya kashe dabba cikin kwana biyu ko uku. Wannan ba abin jiran wayewar gari ba ne, a kai shi wurin likitan dabbobi a lokacin da aka gani. Ko da fitsarin yana fita, kyanwar da ke jin zafi idan tana yi takan ɗora laifin a kan kaskon, sai ta ƙaurace masa ta nemi wuri mai laushi kamar katifa ko darduma.

Ya kamata kuma a bambance fitsari da feshi. Mai fitsari tsugunawa take yi a ƙasa ta zubar da mai yawa, mai feshi kuwa a tsaye take, jela a miƙe sama tana karkarwa, ta watsa ɗan kaɗan a jikin bango ko ƙofa. Feshi alama ce ta shata iyaka, ya fi yawa ga muzurun da ba a fiɗiye ba, kuma yakan ƙaru idan wata baƙuwar kyanwa tana kewaya gidan. Fiɗiya tana rage shi sosai, tana kuma rage yawon dare da faɗace-faɗace. Macen ma gara a yi mata aikin hana haihuwa da wuri, domin tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin nata kuma bai wuce kwana 63 zuwa 65 ba.

Idan likita ya tabbatar lafiya lau take, sai a koma kan kaskon da kansa. Ƙa'idar ita ce kowace kyanwa da nata, a ƙara ɗaya a kai, wato mai kyanwa biyu ya tanadi kasko uku a wurare daban-daban, domin idan aka jera su wuri guda, mai ƙarfin tana iya tsare hanya ta hana 'yar'uwarta zuwa. Kaskon ya kasance mai faɗin da za ta iya juyawa a ciki, yashin ya kai zurfin kamar santimita 5, a kwashe ƙazanta kullum, a kuma nisanta shi da abinci da ruwan sha da inda ake yawan hayaniya. Yashi mai turare mutane yake burgewa, kyanwa kuwa sau da yawa gudunsa take yi. Wurin da ta ɓata a wanke shi da maganin wanki mai narkar da warin fitsari, a guji duk wanda ke ɗauke da amoniya, saboda warinsa ya yi kama da na fitsari, sai ya zama an sake gayyatar ta.

Yagar kujera ba ta da magani sai canjin wuri, tun da kyanwa ba za ta daina kartar abu ba: da haka take cire tsohon ɓawon farcenta, take miƙa jikinta, take barin alamarta. A samo gungume ko sanda mai kauri da aka naɗe da igiya, wanda ba ya girgiza, mai tsayin da za ta miƙe a kansa gaba ɗaya, a kafa shi dab da kujerar da ta saba yaga. Wanda aka ɓoye a lungu ba zai yi amfani ba. Guje-gujen asuba kuma halinta ne na farauta, domin ta fi kuzari da ketowar alfijir da faɗuwar rana. Wasa na minti 10 zuwa 15 da daddare da abin da za ta bi ta cafke, sannan a ba ta abinci, yakan sa ta kwanta. Wanda ya tashi ya zuba mata abinci don ta yi shiru, ya koya mata cewa kukan asuba yana biya.

Game da ci, kyanwa maciyiyar nama ce ta asali, jikinta yana buƙatar wani sinadari mai suna taurin (taurine) da ake samu a nama, kuma rashinsa yana lalata ido da zuciya, shi ya sa abincin kare ba ya riƙe ta. Madara, duk da sunan da ta yi, tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. Kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci komai ba tana buƙatar likita, musamman mai ƙiba, domin kitse yana iya taruwa a hantarta. Abu uku kuma ya kamata kowa ya haddace: ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta, maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin guba ne a gare ta, furen ado mai suna lili kuma yana lalata mata ƙoda ko da garin furen kawai ta lasa a gashinta.

Kare

Babban kuskuren da ake yi da kare shi ne na lokaci. Kare yana danganta lada ko tsawa da abin da yake yi a daidai wannan daƙiƙar, don haka mutumin da ya dawo gida da yamma ya tarar da ɓarnar safe ya hau duka, abin da ya koya wa karen shi ne dawowar maigida abin tsoro ce. Sunkuyar da kai da kwantar da kunne da maƙale jela da yake yi, waɗanda ake fassarawa da ya san laifinsa, neman sulhu ne kawai daga wanda ya ga fuska a murtuke. A ganina babu abin da duka ke gyarawa wanda lada ba ta fi shi gyarawa ba. Idan kare ya yi abin da ake so, a ba shi ɗan abin taunawa ko a yaba masa nan take, mutanen gida kuma su daidaita a kan kalma guda da doka guda.

Masu iya magana sun ce in ka ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi, kuma ga kwikwiyo maganar haka take ba ƙari. Haƙoransa na nono 28 suna zubewa, na dindindin 42 su maye gurbinsu zuwa kusan wata 6 ko 7, kuma a wannan tsakanin dasashinsa yana ƙaiƙayi. A ɗauke takalmin tun yana sunsunarsa, a miƙa masa abin taunawar da aka tanada dominsa. Koyar da bayan gida ma da sa ido ake yin ta: a fitar da shi da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan ya yi wasa, a kai shi wuri ɗaya kullum, a tsaya har ya yi, a ba shi lada a wurin. Kwikwiyo ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu ko uku.

Haushi iri-iri ne. Na gadi yana da mafari, ana jin motsi a ƙofa sai ya tashi. Na gundura kuwa yana tafiya da sauti ɗaya ba tsayawa, maganinsa fita yawo kullum da barin karen ya sunsuni hanya yadda yake so. Akwai kuma na tsoron kaɗaici, wanda ke farawa jim kaɗan bayan fitar maigida, tare da dalalar miyau da kartar ƙofa. Irin wannan sai an bi shi a sannu, a riƙa fita na 'yan daƙiƙu a dawo ba tare da wani biki ba, a ƙara tsawon lokacin kaɗan-kaɗan cikin makonni.

Gurnani kuwa kada a taɓa hukunta kare a kansa. Gargaɗi ne yake bayarwa, kuma wanda aka hana gurnani zai koyi cizo ba sanarwa. A ja da baya, a gano abin da ya tsorata shi, idan kuma kare mai sanyin hali ne ya fara hakan kwatsam, a fara zargin ciwo a kunne ko haƙori ko gaɓoɓi. Yawancin tsoron da ke kai kare ga cizo yana da tushe a ƙuruciya, domin tsakanin mako 3 zuwa kusan mako 14 ne kwikwiyo ke saurin sabawa da mutane da ƙararraki da sauran dabbobi. Lokacin ya zo daidai da na allurar rigakafi, wadda ake farawa daga mako 6 zuwa 8, ta ciwon haukar kare kuma a kusan wata 3, saboda haka a gabatar da shi ga baƙi da karnukan da aka yi wa allura, a nisanta shi da inda karnukan titi ke kashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Kada a ba kare cakulan, ko inabi ɗanye da busasshe, ko albasa da tafarnuwa, ko dafaffen ƙashi mai tsagewa. Kada kuma a bar shi a rufaffiyar mota, domin da haki yake sanyaya jikinsa.

Kifi

Mai kiwon kifi a tankin gilashi, a gaskiya ruwa yake kiwo. Ni kaina da haka na koya: tankina na farko ya yi ɗan duhu, sai na kwashe kifayen na zuba a bokiti, na wanke tsakuwa da soson na'urar tacewa tas a ƙarƙashin famfo, na cika tankin da sabon ruwa. Ruwan ya yi garai-garai kamar idon zakara, amma kafin mako ya zagayo kifayen sun naɗe fikafikansu sun koma gindin tanki, rabinsu kuma sun mutu.

Abin da na kashe ban sani ba shi ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Kifi yana fitar da amoniya ta kafofin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake zama, kuma guba ce. Wasu bakteriya da ke zaune a soson na'urar tacewa da kan tsakuwa suna mayar da ita sinadarin nitrait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi nitrat, mai sauƙin illa, wanda canjin ruwa ke ragewa. Sabon tanki yana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan halittu su kafu, shi ya sa cika shi da kifi a ranar farko yake jawo asara. Kayan gwajin ruwa su ne idon mai kiwo, kuma abin da ake so shi ne amoniya da nitrait su tsaya a kan sifili.

Aikin mako-mako bai da yawa. A zuƙe kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na ruwan tare da dattin da ya kwanta cikin tsakuwa, a maye shi da ruwan da ɗuminsa ya yi daidai da na tankin, bayan an ɗiga masa maganin kashe kulorin, wato sinadarin da ake zubawa a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. Ajiye ruwan famfo ya kwana yana korar kulorin, amma ba ya korar kuloramin, ɗan'uwan kulorin da wasu hukumomin ruwa ke amfani da shi, saboda haka maganin ya fi tabbas. Soson kuma a matse shi a hankali cikin tsohon ruwan da aka zuƙe, sabulu kada ya kusanci tankin. Abinci a ba da abin da za su cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko sau biyu a rana. Kifi yana rububin abinci ko da ya ƙoshi, kuma wanda yawan abinci ya kashe ya fi wanda yunwa ta kashe.

Halin kifi ma ana karanta shi. Wanda ya taso sama yana haɗiyar iska, ko dai iskar oksijin ta yi ƙaranci, abin da ya fi faruwa idan ruwa ya yi zafi, ko nitrait ya hana jininsa ɗaukar ta. A canza wani kaso na ruwan nan take, a ƙara motsin saman ruwa. Wanda ke goga jikinsa a dutse, ga fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa gishiri, ƙwayar cutar fata ce ta kama shi, kuma tankin gaba ɗaya ake yi wa magani. Cizon fikafikai da kore-kore yawanci daga cunkoso ne ko haɗin da bai dace ba: mazan kifin adon da ake kira beta biyu ba sa zama wuri ɗaya, kifayen da ke tafiya a garke kuma sukan firgita idan ba su kai kamar shida ba. Kifayen ƙasashe masu zafi suna son ruwa mai maki 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, kifin zinare kuwa ya fi son mai sanyi, yana wuce shekara 10 a raye, yana kuma girma har ƙaramin ƙoƙon gilashi ya kasa ɗaukarsa.

Idan an sayo sabon kifi, a ɗora ledarsa a rufe a saman ruwa na minti 15 zuwa 20 har ɗumin ya daidaita, sannan a kamo shi da raga a sake shi, ruwan ledar kuma a zubar a waje. Mai hali ya tanadi ƙaramin tanki na daban inda baƙon zai zauna mako 2 zuwa 4, a ga yana ci yana iyo lafiya, kafin a haɗa shi da na gida.