Kyautar da za ta fitar da yaro tsakar gida ya ajiye waya

Idan ranar haihuwar yaro ta zagayo, ko ya sauke izu, ko ya ci jarrabawa, iyayen da suka gaji da ganinsa a duƙe kan waya sukan so su ba shi abin da zai sa ya motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kowace rana yana wasan da zai sa shi haki. Amma sau da yawa akan sayo kaya mai tsada, yaro ya yi ɗokinsa kwana uku, a wayi gari yana jingine a bayan ɗaki ƙura ta rufe shi. Yawanci dalilin bai wuce ɗaya cikin huɗu ba: kayan ya fi ƙarfin jikin yaron, ko babu wurin da zai yi wasa da shi, ko babu abokin wasa, ko kuma ya lalace ba a samu mai gyara a kusa ba. Ku riƙe waɗannan a zuciya kafin ku shiga kasuwa.

Keke

Babu kyautar da ke fitar da yaro waje kamar keke, kuma babu wadda ake yawan kuskuren saye kamarsa. Kuskuren shi ne a ce a sayi babba, ai zai girma ya cike shi. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa tsoron keken zai ji, idan ya faɗi sau biyu ya kurje gwiwa, shi ke nan ya koma ɗaki.

Da faɗin taya ake auna keken yara. Inci 12 na ɗan shekara 3 zuwa 4 ne, inci 16 na ɗan 4 zuwa 6, inci 20 na ɗan 6 zuwa 9, inci 24 kuma na ɗan 9 zuwa 12. Wannan kimantawa ce kawai, domin sa'anni ba tsayinsu ɗaya ba. Idan da hali ku tafi da yaron. Ya tsaya keken na tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafarsa duka biyu a ƙasa, a ga akwai ratar yatsa biyu ko uku tsakaninsa da ƙarfen sama. Idan ana so a yi masa bazata, a sa shi ya jingina da bango babu takalmi, a auna daga ƙasa zuwa matsematsinsa da tef ɗin tela. Ga mai koyo, sirdin keken in an sauke shi ƙasa kada ya wuce wannan awon.

Keken gwanjo mai ƙwari ya fi sabo mai ƙyalli wanda ƙarfensa ba shi da kauri, amma sai an duba shi da kyau. A ɗaga kowace ƙafa a juya ta, a sa ido kan ratar da ke tsakaninta da robar birki. Idan tana kaɗawa hagu da dama, garen ya lanƙwashe ko wayoyinsa sun saki. A kama tayar a girgiza ta gefe da gefe, in tana ƙwas-ƙwas boris ya ci. A duba wuraren walda, musamman wuyan keken, kada a ɗauki wanda ya tsage ko da an shafe shi da fenti. Sai birki, wanda mutane ke gwadawa da hannunsu na manya su ce yana ci. Hannun yaron ne ma'auni. Idan yatsunsa ba sa kaiwa ko ba zai iya matsewa ba, keken ba shi da birki a wurinsa.

Wajen koyarwa, ƙananan tayoyin nan biyu da ake ɗaurawa a baya suna jinkirta yaro, don ba sa barinsa ya koyi daidaita jikinsa. Hanya mafi sauri ita ce a cire feda duka biyu da sifana mai lamba 15, a sauke sirdi, yaro ya riƙa tura kansa da ƙafa a fili mai ɗan gangara har ya iya ɗaga ƙafafu ya yi nisa bai taɓa ƙasa ba. Daga nan a mayar da fedar. A kula, fedar hagu zarenta a juye yake, ɓangaren da ake ɗaure sauran kusoshi nan ake kwance ta. Wanda bai sani ba zai yi ta ɗaurewa da ƙarfi yana zaton kwancewa yake, har zaren ya lalace.

Abin da ya fi kwantar da keken yara shi ne faci. Ƙayar tsaida da ke warwatse a filayen unguwa tana huda taya cikin sauƙi, kuma idan an yi faci ba a shafa cikin tayar da yatsa an zare ƙayar ba, kafin yamma iska ta sake fita. Idan kuka ga huda biyu kusa da juna kamar saran maciji, ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne ya sa garen ya matse robar ciki a kan dutse. Don haka a haɗa kyautar da ƙaramin famfo, a nuna wa yaro yadda ake matsa taya da babban yatsa kafin a hau. Sarƙa kuma ɗigon mai kaɗan take so, a goge sauran da tsumma. Baƙin man inji da ake zuba mata har yana ɗiga yana haɗuwa da ƙurar hunturu ya zama kamar kwaɓin yashi, ya cinye haƙoran sarƙar.

Kada a raba keke da hular kwano daidai kan yaro. Ta zauna a kwance, ratar yatsa biyu a saman gira, igiyar haɓa kuma a ɗaure ta yadda yatsa ɗaya kaɗai zai shiga. A kuma yanka masa iyaka tun ranar farko: daga wannan lungu zuwa wancan, ban da titin da babura da a-daidaita-sahu ke bi.

Ƙwallo da raga

Ƙwallo ta fi keke araha, kuma tana da abin da keke ba shi da shi, wato ita ke kiran abokai da kanta. Lamba gare ta a jikinta. Lamba 3 ta 'yan ƙasa da shekara 8 ce, lamba 4 ta 'yan 8 zuwa 12, lamba 5 ta manya ce, nauyinta giram 410 zuwa 450. Ɗan shekara shida da aka ba lamba 5 da tsinin yatsa zai riƙa dukanta don ta yi masa nauyi, ya ji zafi, ya kuma saba da bugun da ba daidai ba. A filin tsakuwa ko jan ƙasa mai tauri, ƙwallo mai kaurin fata ta fi mai sheƙi daɗewa, takalmin kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa kuma ya fi mai ƙusoshi, wanda don ciyawa aka yi shi.

Yawancin ƙwallayen yara ba fashewa suke yi ba, bakin iskarsu ake lalatawa. A jiƙa allurar famfo da ruwan sabulu kafin a tura ta, a tura a miƙe, a hankali. Busasshiyar allura tana yaga robar bakin ko ta tura ta ciki. Kada a cika iska har ta yi tauri kamar dutse, kada kuma a bar ta a rana tsaka a kan siminti, zafi yana buɗe ɗinkin.

Raga ce ke mayar da bugun banza wasa, kuma ana iya haɗa ta a gida da bututun roba na famfo mai faɗin inci ɗaya. Ana buƙatar guda biyu masu tsayin santimita 120, biyu masu 80, biyu masu 60, da gwiwar haɗi guda shida. Masu 80 su ne turaku, ɗaya mai 120 ya haɗa su a sama, masu 60 su kwanta a ƙasa su nufi baya, ɗaya mai 120 ɗin ya rufe bayan. A ɗura yashi a cikin na ƙasan don kada ƙwallo ta kifar da ita, a yafa tsohon gidan sauro a ɗaure da igiya. Kada a sa gam, don a iya kwancewa a ajiye. A bar yaron ya riƙe tef ya yi awon da kansa, babba ya yi yankan.

Tattabaru

Ba kowane yaro ne ke son guje-guje ba. Mai sanyin hali ya fi dacewa da abin kiwo, kuma wannan tsohuwar al'ada ce, yadda kaka kan ba jika kaza ta ce ga jarinka. Tattabaru suna tayar da yaro da sassafe, su sa shi shara, ɗiban ruwa da gyaran ɗaki kullum. A sayi 'yan shila da suka fara cin abinci da kansu, domin manya da zarar an sake su gidansu na da za su koma. Da wuya a bambance mace da namiji suna ƙanana, don haka sayen huɗu ya fi biyu. A rufe su mako biyu zuwa uku a akurki mai iska, a sama inda kyanwa da gafiya ba za su kai ba. Akwatin katako ko tsohuwar tukunyar ƙasa ta fi gwangwani, wanda ke ɗaukar zafi a bazara. Dawa, gero da ɗan wake sun ishe su, kimanin giram 30 ga kowace a rana, da ƙananan tsakuwa, da ruwa mai ɗan zurfi don tsoma baki suke yi su zuƙa. Yaro ya riƙa kaɗa hatsi a gwangwani duk lokacin ba su abinci har su san ƙarar. Ranar sakin farko a yi shi da yamma kafin su ci, yunwa da ƙarar gwangwanin za su dawo da su. Ƙwai biyu suke yi, su ƙyanƙyashe cikin kwana 18 ko kusa da haka. A yayyafa ruwa kafin share kashinsu, a wanke hannu da sabulu, kuma yaro mai asma a nema masa wata kyautar.

Idan kuɗi ya yi kaɗan, igiyar tsalle ta isa. Yaro ya taka tsakiyarta, bakinta biyu su kai hammatarsa. In ya ce wasan mata ne, a nuna masa 'yan damben zamani da ita suke atisaye. Tsohon garen keke da sanda ma har yau yana sa yara gudu. Danƙon harbi dai a bar shi, ido ba ya da madadi.

Lokacin miƙa kyautar ma yana da tasiri. A ba shi ita da rana tana sama, a wurin da zai gwada nan take, iska a cike, sirdi a daidaice, da ɗan'uwa ko abokai biyu a kusa. Kada a haɗa ta da ƙwace waya a rana ɗaya, sai ya ɗauke ta a matsayin horo. A tsayar masa da lokaci sananne, bayan la'asar in ya taso daga Islamiyya, ko da safe a ranakun hutu. A watannin Maris zuwa Mayu a hana wasan tsakar rana, a sa gorar ruwa cikin kayan. A makon farko uba, ko yaya, ko kawu ya fita tare da shi ko da na minti ashirin ne, ya riƙe bayan sirdin ko ya tsaya a raga.