Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta ƙa'idojin tsara fuskar manhajar waya

Duk masu haɗa manhaja, ko da su uku ne a ɗaki ɗaya, wata rana sai sun zauna sun rubuta ƙa'idojinsu: wane launi za a yi amfani da shi, yaya girman rubutu, ina maɓalli zai zauna, me zai faru idan an danna shi. Na karanta irin waɗannan kundaye da dama, kuma ciwonsu kusan iri ɗaya ne. Kalamai ne masu daɗin ji, amma babu abin da mai gina manhajar zai kama ya yi aiki da shi.

Ɗauki wannan: "Maɓalli ya kasance mai sauƙin dannawa." To, sauƙi a yatsan wa? Apple ya daɗe da yanke hukunci cewa wurin taɓawa kada ya gaza maki 44 tsawo da faɗi, a ma'aunin allonsa. Google, a tsarinsa na Material Design da ya fito a 2014, ya ce 48dp (dp ma'aunin allo ne na Android), wato kimanin milimita 9 a kan gilashin waya, tare da tazarar 8dp tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa. Gyaran shi ne a rubuta adadin ƙarara. A kuma bayyana cewa alamar da ido ke gani tana iya zama ƙarama, amma filin da ke karɓar yatsa ba ya raguwa. Haka batun launi. Rubutu ruwan toka a kan fari yana da kyau a babban allon kwamfutar mai zane, cikin ofis mai sanyi. Fito da wayar tsakar rana a bakin kasuwa ka ga ko za ka iya karanta shi. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda aka tsara don sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da intanet, sun ce bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 zuwa 1, babban rubutu kuwa 3 zuwa 1. Kuma kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo, domin akwai masu wahalar bambance ja da kore. A haɗa da alama ko kalma.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne tsara manhaja kamar kullum sallah ce. Za ka ga an zana kowane shafi cike da bayanai, hotuna sun buɗe, komai ya tafi daidai. Ina shafin da ake gani lokacin jira? Ina wanda ba komai a cikinsa saboda mutum yau ya yi rajista? Ina na lokacin da sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki? Idan kundin bai faɗa ba, kowane mai gini zai yi yadda ya ga dama, galibi ya sa ɗan zoben nan mai juyawa ya tafi abinsa. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhajoji, ya yaɗa wasu iyakoki uku tun 1993: abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ana jin sa nan take, daƙiƙa 1 ba ta yanke wa mutum tunani, bayan daƙiƙa 10 kuwa hankalinsa ya tafi wani wuri. Sai a rubuta abin da za a nuna a kowane mataki.

A manhajar tura kuɗi abin ya wuce ɓacin rai. Mutum ya danna "Aika", waya ta yi shiru, ya sake dannawa, kuɗi ya fita sau biyu. Ƙa'ida a nan gajeriya ce: da zarar an danna, maɓallin ya kulle, ya nuna aiki na tafiya. Idan an samu matsala, saƙon ya faɗi abu uku: me ya faru, kuɗin ya fita ko bai fita ba, me za a yi yanzu. "An samu kuskure" kawai ba ya kwantar wa kowa hankali. Kuma don Allah kada a goge abin da mutum ya cike a fom saboda gurbi ɗaya ya yi kuskure.

Akwai wani tarko da masu manyan wayoyi ba sa gani sam. An turo lambar tantancewa ta tes, mutum ya fita ya duba, kafin ya dawo Android ta rufe manhajar don ta samu wuri a ƙwaƙwalwa, sai ya tarar an mayar da shi farko. A ƙananan wayoyin itel ko Tecno masu ƙaramar ƙwaƙwalwa wannan ba baƙon abu ba ne. Kundin ya wajabta adana matakin da mutum yake, a kuma riƙa gwaji da irin wayar da jama'a ke riƙe da ita.

Kwafo tsarin iPhone a liƙa wa Android ma kuskure ne. Mai Android ya saba da hanyar komawa baya ta wayar kanta. Idan manhajarka ta yi biris da ita, ko ta fitar da shi gaba ɗaya, zai ga kamar ta lalace.

Sai harshe, wanda yawanci ake bari sai ƙarshe. Idan manhajar za ta yi Hausa, a gwada salon haruffan da aka zaɓa da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun ranar farko. Salo da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma, ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa kamar bare. Iyalin haruffan Noto na Google suna da su. Wurin bincike kuma ya gane cewa wanda ya rubuta "kasa" mai yiwuwa "ƙasa" yake nema, tunda mutane da yawa ba sa saka lanƙwasa, kuma abin da Nijeriya ke rubutawa 'y, Nijar na rubuta shi ƴ. Gurbin lambar waya da aka ƙayyade wa lambobi 11 ya kori mutumin Maraɗi, wanda lambarsa 8 ce. Wata tambayar da Turanci bai san da ita ba: manhajar za ta ce "ka manta", "kin manta", ko "kun manta"? A zaɓi ɗaya, ko a kauce da "an manta kalmar sirri?", a rubuta shi a kundin, kada shafi ɗaya ya kira mutum namiji, na gaba ya mayar da shi jam'i.

Girman rubutu ma ba a hannun mai zane kaɗai yake ba. Dattijo zai ƙara girman haruffa a saitin wayarsa, kuma Android 14 tana bari a kai kashi 200 cikin ɗari. A auna rubutu da sp, ma'aunin Android da ke bin saitin girman haruffa na mai waya, a bar wa maɓalli damar miƙewa zuwa layi biyu. Kowace alama kuma a ba ta suna, domin TalkBack na Android da VoiceOver na iPhone, masu karanta allo da murya, su samu abin karanta wa makafi.

Kundin da kansa yakan mutu idan an ajiye shi a fayil ɗaya ba mai kula. A naɗa mutum guda da alhakinsa ke wuyansa, a rubuta dalili kusa da kowace ƙa'ida domin sabon ma'aikaci ya san abin da zai ɓata idan ya karya ta, a sa hoton daidai da na kuskure gefe da gefe. Kafin a kafa sabuwar ƙa'ida a kai ta gaban mutane. Nielsen ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono mafi yawan matsalolin. Miƙa wa mai shago waya, ka ce ya tura naira dubu ga ƙaninsa, sannan ka kama bakinka, ka lura da inda yatsansa ya tsaya yana shawagi.