Babi na Shida: Wayar Rishon Lantarki

Darasi na ɗaya: Lambar da ke bayan risho

Iyayena da 'yan uwana, ku juya rishonku. A bayansa ko a ƙarƙashinsa akwai 'yar takarda da aka manna, cike da lambobi. Kada yawansu ya tsorata ku. Harafi ɗaya za ku nema, shi ne W. Lambar da ke manne da shi ita ce yawan wutar da risho ke ci. Ƙarami mai baki ɗaya yakan ci 1000 zuwa 1500, irin wannan, soket mai kyau yana ɗaukarsa. Babba mai baki huɗu kuwa yana kaiwa 6000, har ya wuce.

Wutar gidajenmu a Garwa da Marwa 220 V ce; V shi ne ma'aunin ƙarfin wutar. Idan aka raba 6000 da 220, za a samu wajen 27, wato 27 A; A shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Soket ɗin bango 16 A kawai yake ɗauka. Kun ga babban risho ya fi ƙarfinsa.

Darasi na biyu: Kaurin waya

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda haka mu tafi sannu. Ku ɗauki waya, ku kai ta wurin haske, ku murza ta da yatsa. An buga lamba a jikin robar, ita ke nuna kaurin jan ƙarfen da ke ciki. Za ku ga 1,5 ko 2,5 ko 6. Ta 1,5 ta fitilu ce. Ta 2,5 ta soket ce. Ta 6 ita ce ta babban risho.

To, ku dubi ɗan waƙafin nan da ke tsakanin 2 da 5. Ku aza yatsa a kansa. Wannan ba ashirin da biyar ba ce, biyu da rabi ce. Ku faɗa da ƙarfi: biyu da rabi. Madalla. Biyu da rabi da shida, wace ta fi? Shida. Wanda ya tsallake waƙafin sai ya ga kamar ya sayo babbar waya, alhali siririya ya sayo. Ku jera guntayen biyu a tafin hannu, ku dubi jan ƙarfen da ke ciki. Na shida ya fi kauri, ido ma ya shaida. Ba laifi idan kun manta, a sake: biyu da rabi ƙarama, shida babba.

Sa wa risho siririyar waya ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Wayar za ta yi zafi, robar ta narke, balle a watan Afrilu da wayar ke kwance ƙarƙashin kwano mai ƙuna. Daga nan sai gobara, Allah Ya kiyaye.

Duk da wannan bayani, wasunku za su je kanti su karɓi abin da aka miƙo musu don ya fi araha. Haba! Me muke yi a aji tun safe? Ku karanta lambar da idonku kafin ku ba da kuɗi. Shida. Ba waƙafi.

Darasi na uku: Bireka da launi

Risho na son layinsa shi kaɗai daga akwatin wuta, da bireka mai 32 A, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi wa layi yawa. Ba firji, ba dutsen guga a layin. Waya uku ce: ja ko ruwan ƙasa mai wuta, shuɗiya ta komawa, mai kore da rawaya ta ƙasa. Idan bireka na yawan faɗuwa, kada in ji wani ya ɗaure ta da igiya. Ku kira mai gyaran wuta, shi ne zai yi haɗin, ba ɗan maƙwabci ba.

Darasi na huɗu: Mita

Ku tambayi kamfanin wuta ko mitarku za ta ɗauki rishon.

Aikin gida

Ku rubuta 1,5 da 2,5 da 6. Ku zagaye ta risho.