Yadda za ka bi zaɓen Fafaroma daga Gusau ba tare da ka ruɗe ba

Idan kujerar Fafaroma ta zama babu kowa a kai, ko ta dalilin rasuwa kamar yadda ya faru da Fafaroma Francis ranar 21 ga Afrilu 2025, ko ta murabus kamar na Benedict na 16 a 2013, abin da ya kamata ka fara bincika shi ne su wa ke da ƙuri'a. Kadinal-kadinal, wato manyan limaman cocin Katolika da Fafaroma ke naɗawa, su ne kaɗai ke zaɓe, su ma sai waɗanda ba su cika shekara 80 ba. Saboda haka Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda Katolikan Gusau ke ƙarƙashinsa, ba ya cikin masu zaɓe duk da sunan da ya yi, kuma a 2025 Kadinal Peter Okpaleke ne kaɗai ya jefa ƙuri'a daga Najeriya, domin shekaru sun fitar da su Kadinal Onaiyekan da Kadinal Arinze.

Daga nan sai ka duba wanda ya naɗa masu zaɓen, domin a nan siyasar take. Tsarin ya yi kama da na masu zaɓen sarki a masarautunmu, sai dai babu gwamnan da ake kai wa sunaye ya sa hannu. Francis ne ya naɗa 108 daga cikin kadinal 135 da suka cancanci zaɓe a 2025, kuma ya ɗauko da yawansu daga ƙasashen Asiya da Afirka da Latin Amurka, abin da ya rage ƙarfin Turai. Duk da haka kada ka ɗauka cewa wanda aka naɗa dole ya bi ra'ayin wanda ya naɗa shi.

Ka sa ido sosai a kan kwanaki 15 zuwa 20 da ake jira kafin a shiga zaɓe. A tarukan da kadinal-kadinal ke yi kullum a Batikan ne ake auna juna, masu son riƙe tsohuwar koyarwa su ji ta bakin masu son sassauci, a tattauna kuɗin coci da abin kunyar cin zarafin yara. An haramta yi wa juna alkawarin ƙuri'a, amma ba a hana cin abincin dare tare ba. Jerin sunayen waɗanda ake hasashen za a zaɓa da jaridu ke bugawa kuwa, ka karanta shi da taka-tsantsan. A 1978 ƙuri'un 'yan Italiya sun rabu tsakanin Kadinal Siri da Kadinal Benelli, sai aka koma ga ɗan Folan, John Paul na 2, wanda ya zama Fafaroma na farko da ba ɗan Italiya ba cikin sama da shekara 450. A 2025 ma sunan Kadinal Parolin, ɗan Italiya, aka fi ambata, amma ba shi aka zaɓa ba.

Ranar shiga majami'ar Sistin da ke Batikan, inda ake yin zaɓen, kowa yana rantsuwar rufe baki, a fitar da wanda ba mai zaɓe ba, a kulle ƙofa, babu waya babu jarida. Kowane kadinal yana rubuta suna a takarda, ya naɗe ta, ya kai gaban bagade da hannunsa. Masu ƙirga suna karanta sunan a fili, su huda takardar da allura su jera a zare, sannan a ƙona. Ana zaɓe sau ɗaya a yammacin farko, daga nan sau huɗu a rana, har wani ya sami kashi biyu cikin uku, wato ƙuri'a 89 daga cikin 133 da suka halarta a 2025.

Abin da ya rage maka shi ne kallon bututun da hayaƙin takardun da aka ƙona ke fita. Baƙi na nufin ba a daidaita ba, fari tare da kaɗa ƙararrawa na nufin an samu. Ka tuna cewa a watan Mayu agogon Roma yana gaban namu da awa ɗaya, don haka farin hayaƙin 8 ga Mayu 2025 ya tashi ne bayan ƙarfe biyar na yamma a Gusau, a zagaye na huɗu, kuma sai da aka yi kusan awa guda kafin a sanar da Robert Prevost, haifaffen Chicago da ya daɗe yana aiki a Peru, da sunan Leo na 14.